Yadda za ka karanta rigimar John Locke da malaman coci ba tare da kanka ya ɗaure ba

In an ba ka asaimen a kan hankali da bangaskiya a falsafar Turai ta ƙarni na 17, ko kuwa kai dai mai son karatu ne kawai, to abu na farko cire tunanin cewa faɗa ne tsakanin masu addini da marasa addini. Wannan tunanin shi ke ɓatar da yawancin ɗalibai tun a shafin farko. Locke, masanin falsafa Ba'ingile, ɗan cocin Ingila ne har ya mutu a 1704, aikin da ya ƙare rayuwarsa a kai ma sharhi ne na wasiƙun Manzo Bulus. Waɗanda suka taso masa su ma malaman coci ne, kuma babu ko ɗayansu da ya ce a jefar da hankali a kwandon shara. Abin da suke ja a kai shi ne me ya zama dole mutum ya gaskata kafin a kira shi Kirista, sannan wa ke da ikon yanke wannan. Da wannan tambayar za ka shiga kowane shafi, in ba haka ba za ka yi ta karatu kana ganin kamar mutanen nan surutu kawai suke.

Kada ka fara da littafin da aka yi rigimar a kansa, wato The Reasonableness of Christianity na Locke. Fara da babi biyu a babban littafinsa na falsafa, An Essay concerning Human Understanding, kashi na 4, ƙarshen babi na 17 da kuma babi na 18. Gajeru ne, zama ɗaya ya isa. A nan ya raba magana gida uku: akwai wadda ta dace da hankali, misalinsa samuwar Allah ɗaya, akwai wadda ta saɓa wa hankali, misalinsa a ce alloli sun fi ɗaya, sai kuma wadda ta fi ƙarfin hankali, misalinsa tashin matattu. Ta ukun nan ita ce filin bangaskiya a wajensa. Ya ce duk abin da Allah ya bayyana gaskiya ne babu shakka, amma ko wannan maganar da aka kawo maka daga Allah take ko ba daga gare shi ba, to hankali ne zai duba. Kuma ba za a karɓi wata magana a matsayin wahayi ba in ta ci karo da abin da muka sani ƙarara, don tabbacin da kake da shi cewa daga Allah ta zo ba zai taɓa wuce tabbacin abin da ka sani kai tsaye ba. Misalin da ya kawo shi ne jiki ɗaya a wurare biyu masu nisa a lokaci guda, kuma duk mai karatu na lokacin ya gane cewa koyarwar Katolika a kan jibin Ubangiji, wadda ta ce gurasar ibada na zama jikin Yesu, yake yi wa habaici. In ka samu bugun da ke da babi na 19, wanda ya ƙara a 1700, haɗa da shi, nan ne ya yi maganar masu cewa Allah ya yi magana da su kai tsaye ba sa buƙatar hujja, har ya ce wanda ya kawar da hankali don wahayi ya samu wuri kamar mai lallashin mutum ne ya ƙwaƙule idonsa wai don ya fi ganin tauraro mai nisa da na'urar hangen nesa.

Rubuta rabon ukun nan a takarda ka ajiye kusa. Kusan duk rigimar da za ta biyo baya a kan wane gida za a saka wace koyarwa ne.

Daga nan sai ka yi abin da mutane ke raina wa, wato jera shekaru. Samu falle ɗaya ka rubuta su da hannunka. 1689 majalisar Ingila ta yi dokar sassauci ga Furotesta da ba sa bin cocin gwamnati, amma ta cire Katolika ta kuma cire masu musun Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin uku. 1695 dokar tace littattafai kafin bugawa ta ƙare ba a sabunta ta ba, shi ya sa ƙananan littattafan martani suka yi ta fitowa kamar me. A shekarar nan ta 1695 The Reasonableness of Christianity ya fito babu sunan marubuci. 1696 wani ɗan Ayalan, John Toland, ya fitar da littafinsa mai cewa babu wani abu a Kiristanci da ya fi ƙarfin hankali. Janairun 1697 aka rataye wani ɗalibi, Thomas Aikenhead, a Edinbura kan laifin saɓo, yana ɗan shekara 20. A 1697 ɗin dai majalisar Ayalan ta sa aka ƙone littafin Toland a Dublin. Sai dokar saɓo ta 1698 a Ingila, wadda ta ce wanda ya taso a Kiristanci in ya musa Triniti zai rasa muƙami, in ya sake kuma ɗaurin shekara 3. Me ya sa na dage a kan wannan? Saboda in ba ka san shi ba za ka ga Locke yana ta kewaye-kewaye, ana masa tambaya yana amsa wata, ka ce mutumin nan ba shi da gaskiya ko matsoraci ne. Mutum ne da ya riga ya yi gudun hijira a Holan daga 1683 zuwa 1689, ya san abin da hukuma ke iya yi. Abokinsa Isaac Newton ma a 1690 ya aiko masa da rubutu a kan ayoyi biyu da ake kafa hujjar Triniti da su yana cewa an sauya su, daga baya ya tsorata ya hana a buga. To ka ga yanayin da ake rubutun.

Yanzu ka buɗe littafin na 1695. Akwai shi kyauta a intanet, cikin tarin ayyukan Locke bugun 1824 mai juzu'i 9 yana juzu'i na 6 tare da martaninsa guda biyu ga mai sukarsa John Edwards, wasiƙunsa ga ɗaya mai sukar, bishop na Worcester, kuma suna juzu'i na 3. Sauke su a waya lokacin da data ke araha. In kuma tsohon bugu na asali ka ci karo da shi za ka ga harafin s dogo ne kamar f, sai ka ga kamar duk shafin tuntuɓen harshe ne, kada ya dame ka, bayan shafi kaɗan ido zai saba. Sannan shekarar da ke bangon tsofaffin littattafan nan ba kullum ita ce shekarar fitowa ba, Essay ya shiga kasuwa a ƙarshen 1689 amma 1690 aka buga a bangonsa, don haka in ka ga malamai biyu sun ba da shekara daban ba lallai wani ya yi kuskure ba.

Littafin ba shi da babi-babi a asalinsa, haka yake zube, don haka kai za ka yanka shi da kanka. Farkonsa a kan Adamu ne. Locke ya ce abin da muka rasa ta dalilin Adamu shi ne rashin mutuwa, kuma ya ƙi yarda cewa dukkan zuriyar Adamu sun cancanci azaba ta har abada saboda laifin mutum ɗaya da miliyoyi ba su taɓa jin sunansa ba, amma a shafin nan dai ya ƙi yarda da masu cewa Yesu mai tunatar da addinin da hankali kaɗai ke iya kaiwa gare shi ne kawai. Ja layi a nan, don ya nuna maka tun farko ɓangare biyu yake ture wa. Tsakiyar littafin doguwa ce kuma gaskiya tana da gajiyarwa, bin Linjila huɗu da Ayyukan Manzanni yake aya bayan aya yana tambaya ɗaya tak: da Yesu da manzanni suka yi wa'azi, me suka nemi mutum ya gaskata kafin su karɓe shi? Amsar da yake ta samowa ita ce, bayan yarda da Allah ɗaya, a gaskata Yesu shi ne Almasihu. Yahaya 20:31 ita ce ayar da ya fi jingina da ita. Ba dole ka karanta kowane misali ba, karanta goma na farko da natsuwa da Littafi Mai Tsarki a gefe kana duba ko ayar ta faɗi abin da ya ce ta faɗa, sauran ka bi da sauri. Sai dai kada ka tsallake inda ya ce gaskatawar kaɗai ba ta isa ba sai da tuba da ƙoƙarin bin dokokin wanda ka amince sarkinka ne, don masu sukarsa sun yi kamar ba su ga wurin ba.

Ƙarshen littafin ne zai ba ka mamaki, kuma nan nake so ka fi daɗewa. Littafin da sunansa ke cewa Kiristanci ya dace da hankali, sai ga shi yana cewa hankali shi kaɗai ya kasa. Ya ce masana falsafar dā sun tsinto gaskiya nan da can amma ba wanda ya haɗa cikakkiyar dokar ɗabi'a da zai iya ɗora wa jama'a, kuma ko da an haɗa, wa zai bi? Leburori da 'yan tireda da mata masu kaɗi da masu tatsar madara, su ya ambata, ba su da lokacin bin doguwar hujja daga tushe, mafi yawan mutane ba za su iya sani ba don haka dole su gaskata. Shi ya sa a ganinsa aka aiko wanda ya zo da mu'ujizai da umarni bayyananne. Wato dacewa da hankalin da yake nufi ita ce addinin ya zo daidai da halin da ɗan Adam ke ciki, mai sauƙin da talaka zai iya ɗauka. Daga baya shi da kansa ya ce ya rubuta littafin ne musamman don masu ganin babu buƙatar wahayi. Ɗalibin da ya rubuta cewa Locke ya fifita hankali a kan wahayi ya tsaya a nan, to bai kai ƙarshen littafin ba, kuma malami mai lura zai gane.

To sai mai suka na farko, John Edwards, malamin Kambirij mai bin koyarwar Calvin. Mahaifinsa Thomas Edwards shi ma a 1646 ya yi suna wajen tattara jerin bidi'o'in zamaninsa, abin dai kamar gado ne. Edwards ya fara sukar a 1695, Locke ya mayar da gajeren martani a shekarar, Edwards ya dawo a 1696 da Socinianism Unmask'd ya ƙara da wasu a 1697, Locke ya fito da martani na biyu a 1697 wanda ya fi ainihin littafin tsawo. Kalmar da za ka yi ta gani ita ce Sosiniyanci, daga sunan Fausto Sozzini, ɗan Italiya da ya zauna a Folan ya mutu a 1604, mabiyansa ba su yarda da Triniti ba kuma ba su yarda mutuwar Yesu biyan bashin zunubi ba ce ga adalcin Allah. A Ingilar lokacin in an liƙa maka wannan sunan an gama shafa maka kashin kaji.

Ga dabarar da ta fi yi mini aiki a nan. Raba takarda gida uku a tsaye. Gida na farko abin da Edwards ya ce Locke ya faɗa, na biyu abin da Locke ya faɗa da gaske tare da shafi, na uku abin da Locke bai faɗa ba sam. Za ka ga gida na farko da na biyu sau da yawa ba sa haɗuwa. Misali Edwards ya ce Locke ya mayar da addini magana ɗaya ya watsar da wasiƙun manzanni. Abin da Locke ya ce shi ne wasiƙun an rubuta su ne ga mutanen da sun riga sun zama Kirista, a kan matsalolin da suka taso musu, don haka gaskiya ne abin da ke ciki kuma duk wanda ya fahimci wata koyarwa daga ciki dole ya karɓa, amma ba nan za a je neman sharaɗin shiga ba. Bambanci ne tsakanin abin da ke mayar da mutum Kirista da abin da Kirista zai ci gaba da koya. Edwards ya yi ta take wannan bambancin, da gangan ko da fushi.

Amma gida na uku fa, nan gizo ke saƙar. Edwards ya lura Locke bai kawo umarnin baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki na Matiyu 28:19 a matsayin abin gaskatawa ba, bai tsaya a kan farkon Linjilar Yahaya ba inda aka ce Kalman Allah ne, da ya zo lissafa amfanin zuwan Yesu bai ambaci biyan bashin zunubi ba, sannan ya ɗauki "Ɗan Allah" da "Almasihu" a matsayin suna biyu masu ma'ana ɗaya a bakin Yahudawan lokacin. A ganina a nan Edwards yana da magana. Bakinsa ba daɗi, zagi ya fi hujja yawa a shafukansa, amma idonsa ya ga ramin da ke wurin. Kada rashin ladabinsa ya sa ka ƙi ba shi makin da ya ci.

Martanin Locke mafi ƙarfi tambaya ce, kuma ya maimaita ta har ta gunduri mai karatu: to kai kawo naka jerin. In magana ɗaya ba ta isa ba, faɗa mana guda nawa ne daidai, waɗanda in mutum ya rasa ɗaya ba Kirista ba ne, kuma ka nuna inda Yesu ko manzanni suka ce su ne sharaɗi. Edwards ya kawo ayoyi da koyarwa iri-iri amma bai taɓa rufe jerin ya ce shi ke nan ba, kuma ba zai iya ba, don duk jerin da ya rufe wata ɗariƙar za ta ce ya rage ko ya ƙara. In kana karanta martani na biyu ka ga ka fara hamma, nemi wuraren da wannan tambayar ta dawo ka tsallake sauran cacar bakin. Akwai kuma wani limamin ƙauye, Samuel Bold na Steeple a Dorset, da ya shigo ya kare littafin a 1697 alhali bai san Locke ba, shi ma yana da amfani don ka ga ba duk malaman coci ne ke gefe ɗaya ba.

Akwai wani zargi na Edwards da mai karatu Bahaushe zai fi Bature saurin kamawa. Ya ce wannan ramammiyar bangaskiya ta Locke ba ta wuce ta Baturke ba, a bakinsu na lokacin Musulmi ke nan, tunda Alƙur'ani ma ya kira Isa Almasihu. Gaskiya ne sunan yana nan, duba Ali Imrana aya ta 45. Amma ka saka zargin a takardarka mai gida uku ka gani. Almasihun Locke wanda ya mutu ne ya tashi, ya ma ce tashin nasa manzanni sun nemi a gaskata shi, kuma sarki ne da za a bi dokarsa shi zai yi shari'a a ƙarshe. Musulmi kuwa bisa Nisa'i aya ta 157 bai yarda an gicciye shi ba. Don haka suna ɗaya ne amma abin da ke ƙarƙashinsa daban, Edwards ya jefo maganar ne don ta tsorata mai karatu. Haka kuma in ka taso da karatun Gazali da Ibn Rushd, ko muhawarar hujjar hankali da ta nassi, zai taimaka maka ka gane irin tambayar da sauri, sai dai kada ka ce wane shi ne Gazalinsu wane shi ne Ibn Rushd ɗinsu, ba za ta zauna ba, Locke nassi yake ta jawowa fiye da masu sukarsa ma a wasu wuraren.

Mai suka na biyu ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Edward Stillingfleet, bishop na Worcester, babban malami ne da tun 1662 ya rubuta littafin kare bangaskiyar Kirista da hujjar hankali, don haka kada ka kuskura ka rubuta shi a matsayin maƙiyin hankali. Shi ba littafin 1695 ya kama ba, Essay ya kama. A ƙarshen 1696 yana kare Triniti yana sukar Toland, sai ya ga Toland da kayan aikin Locke ya yi gininsa, wato maganar cewa duk saninmu daga ra'ayoyin da ke cikin tunani yake tasowa, sai ya haɗa su ya ɗaure. Locke ya rubuta wasiƙa uku, bishop ya amsa biyu, ta ƙarshen Locke ta fito da shekarar 1699 a bangonta, shekarar da bishop ya rasu. Shiga wasiƙa ta uku kai tsaye kamar a saka ka a gurup ɗin WhatsApp ne ana tsakiyar faɗa, kowa na cewa ba haka na ce ba, kai kuma ba ka ga saƙon farko ba. Bi su a jere, kuma abu uku kawai za ka nema.

Na farko zati, wato abin da sifofi ke jingine da shi. Locke ya ce muna zaton akwai shi amma ra'ayinmu a kansa duhu ne, wani abu ne da ba mu san mene ne ba. Bishop ya ce in haka ne ka kusa korar zati daga duniyar masu hankali, alhali koyarwar Triniti da kalmomin zati ɗaya da mutum uku ake bayyana ta. Locke ya ce ni ban ce babu shi ba, na ce ba mu san shi sarai ba, in kai ka sani koya mini. Na biyu, a kashi na 4 babi na 3 Locke ya ce ba za mu iya tabbatarwa ba ko Allah, in ya so, ya ba wani jiki ikon tunani. Bishop ya ce to ka raunana hujjar rashin mutuwar rai. Amsar Locke a nan ta burge ni: ya ce rayuwa bayan mutuwa alkawarin Allah ne, in kana ganin alkawarin bai isa ba sai an tallafe shi da hujjar falsafa to kai ne ka raina wahayi ba ni ba. Ka ga yadda aka yi musanyar kujera, masanin falsafa na kare wahayi, bishop na neman hujjar hankali. Na uku tashin matattu. Bishop ya ce da wannan jikin dai za a tashi, Locke ya buɗe 1 Korantiyawa 15 ya ce nassi tashin matattu ya ce, bai ce jiki ɗaya sak ba, kuma Bulus da kansa ya kawo misalin ƙwayar da ake shukawa da abin da ke tsirowa. Wannan ya haɗu da babin da ya ƙara a 1694, kashi na 2 babi na 27, inda ya ce abin da ke sa mutum ya zama shi ɗin dai shi ne ci gaban saninsa da kansa. In lokaci ya ƙure maka, wannan na ukun ka zaɓa, ya fi sauƙin bi kuma kana iya duba ayoyin da kanka.

Wani abu game da salon, kada ladabin Locke ya ruɗe ka. Kusan kowane sakin layi sai ya ce ranka ya daɗe, ya ce shi ƙaramin ɗalibi ne a gaban babban malami, alhali yana yi wa bishop wankin babban bargo ne a hankali. Sannan lura da abin da ya yi duk lokacin da aka matsa masa ya ce ya yarda da Triniti. Yakan ce babu inda littafina ya musa ta, yakan ce duk abin da nassi ya koyar na karɓa kuma in aka nuna mini na saɓa masa zan janye. Bai taɓa cewa na musa ba, bai kuma taɓa fitowa ya ce na yarda da ita yadda coci ta tsara ta ba. In asaimen ɗinka ya tambaya ko Locke ɗan Sosiniyanci ne, iyakar abin da takardu za su ba ka ke nan: ya musa sunan, ya yi gum a kan koyarwar, kuma sai a ƙarin wasiyyarsa ta 1704 ya amsa cewa shi ya rubuta littafin 1695. Rubuta hakan, ka kawo dokar 1698 a matsayin dalili mai yiwuwa, ka kuma kawo nasa dalilin cewa ba ya son ɗora wa kowa kalmar da ba ta cikin nassi, ka bar mai karatu ya auna. Masana har yau ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba, kai ma ba dole ka yanke ba.

In ka gama da waɗannan kana da sauran ƙarfi, nemi matan da suka shiga maganar, don yawancin hendawut ba sa ambatonsu. Catharine Trotter, marubuciyar wasan kwaikwayo, ta fitar da kariyar Essay a 1702 babu suna, tana amsa wani mai suka da ya ce falsafar Locke ba za ta iya riƙe ɗabi'a da rashin mutuwar rai ba. Locke ya binciko ko wace ce ya aika mata da littattafai da wasiƙar godiya, kuma fiye da shekara 20 bayan mutuwarsa, tana matar aure da sunan Cockburn, ta sake fitowa ta kare shi daga wani malamin Okusfod a kan maganar tashin jiki. Rubutunta ya fi na Locke taƙaituwa, wani lokacin ma ta fi shi iya bayyana abin da yake nufi. Damaris Masham, wadda a gidanta na Oates Locke ya zauna daga 1691 har ya rasu, ta rubuta a 1705 cewa dole a koya wa mata dalilin abin da suka gaskata tunda su ke fara tarbiyyar yara. A shekarar nan dai Mary Astell ta fito daga ɗaya ɓangaren tana sukar Locke. Karanta su biyun a mako ɗaya.

Wanda kuma ke son ya ga yadda abin ya kasance a wajen Ingila, gabatarwar littafin Theodicy na Leibniz, masanin falsafa Bajamushe, 1710, ita ce mataki na gaba. Shi da Pierre Bayle yake, Bafaranshen da ya yi hijira zuwa Rotadam ya mutu a 1706, wanda ya ce akwai ƙalubalen da hankali ke kawo wa bangaskiya da ba su da amsa, sai dai mutum ya rufe ido ya gaskata. Leibniz ya ce a'a, gaskiya biyu ba sa karo, asirin addini ba za a iya tabbatar da shi da hujja ba amma duk hujjar da aka kawo don rushe shi ana iya nuna ba ta kai yankan shakka ba, kuma nauyin kawo hujja yana kan mai ƙalubale ne. Ɗauko takardar nan taka ta farko mai rabo uku ka ajiye kusa da gabatarwar, za ka ga shi ma da bambancin abin da ya fi ƙarfin hankali da abin da ya saɓa masa yake aiki, sai dai shi ya fito fili ya saka Triniti a gidan abin da ya fi ƙarfin hankali ya kare ta a can. Gabatarwar kaɗai ta ishe ka a wannan zangon, sauran littafin a kan matsalar mugunta ne, wannan kuma wani karatun ne daban.